Sifikar da ta ƙi magana a hostal

Ɗan yayata da ke aji biyu a ɗaya daga cikin jami'o'in nan na Katsina ya kira ni wani dare bayan isha'i, murya a dagule. "Kawu, anya ba jabu aka sayo mini ba?" Wan babansa ne ya dawo daga Ingila ya kawo masa tsarabar sifika, irin 'yar dunƙulalliyar nan da ba ta da wata igiya sai ta wuta. Lokacin hutu, a gida, ko minti biyar ba ta ɗauka ba ta haɗu da MiFi ɗin babarsa, ta cika falo da sauti. Da ya kai ta makaranta ya jona, sai ta kunna 'yar fitilarta ta yi gum. Wayarsa na kan Wi-Fi ɗin makaranta tana buɗe duk shafin da ya ga dama, amma manhajar sifikar ta kafe a kan cewa ba ta ga wata na'ura a kusa ba, alhali ga ta nan a kan akwatinsa, ko taku biyu babu tsakaninsu. Abokan ɗakinsa sun riga sun yanke hukunci: ko dai kayan ba su da kyau, ko kuma 'yan sashen ICT ne suka toshe saboda rowa.

Sifikar lafiyarta lau, kuma babu wanda ya zauna ya ƙulla mata sharri. Ita da Wi-Fi ɗin makaranta kowa da irin zaman da aka gina shi a kai, zaman nan biyu kuwa ba sa ga maciji da juna.

Sai mun fara raba abu biyu da muke kira da suna ɗaya. Wadda muka saba da ita, wadda samari ke kira MP, ta Bluetooth ce. Waya ce ke kunna waƙa ko karatu, ta miƙa wa sifika sautin kai tsaye, tazarar da ba ta wuce kamar mita 10 ba. Babu ruwanta da intanet, babu ruwanta da rawuta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Ita kuwa ta Wi-Fi, irin su Sonos da Google Nest da Amazon Echo da HomePod na Apple, ƙaramar kwamfuta ce da aka saka wa baki. A mafi yawan lokuta wayarka ba ta aika mata sauti, umarni kawai take ba ta: je ki wuri kaza ki ɗauko abu kaza. Ita sifikar ce da kanta ke shiga intanet ta jawo sautin. Shi ya sa kira na iya shigowa waƙa ba ta yanke ba, cajin waya bai zube ba, kuma ana iya jera uku a ɗakuna daban-daban su riƙa fitar da sauti ɗaya a lokaci ɗaya. Amma duk wannan daɗin yana da sharaɗi. Dole ta samu shiga netwok ɗin, dole wayarka ta iya gano ta a ciki, dole kuma a bar su su yi magana da juna. A gida ba ka ma san ana cika waɗannan sharuɗɗa ba, domin rawutar gida ba ta tambayar kowa komai.

Wi-Fi ɗin gida kalmar sirri ɗaya gare shi. Mai gida, uwargida, yara, har maƙwabcin da ya roƙa, duk ita suke sakawa. Wannan shi ne tsarin da ake rubutawa WPA2-Personal a jikin kwali. Jami'a ba za ta iya haka ba. Ka ba mutum dubu goma kalmar sirri ɗaya, kafin azahar ta isa wurin masu shayin bakin ƙofa. Don haka manyan cibiyoyi ke amfani da WPA2-Enterprise, wanda ke tafiya a kan ƙa'idar 802.1X: kowane ɗalibi da sunansa da kalmarsa, akwai kuma wata kwamfuta a can ciki, sabar RADIUS, da ke duba rajista kafin a buɗe masa. Idan ɗalibi ya gama ko aka kore shi, sunansa kaɗai ake gogewa ba tare da an taɓa na kowa ba. Idan aka yi ɓarna, an san da sunan wa aka shiga. Tsarin eduroam, wanda ya samo asali daga ƙasar Holan a farkon shekarun 2000 kuma yake ba ɗalibi damar shiga Wi-Fi ɗin wata jami'a da sunansa na makarantarsu, a kan wannan ƙa'ida yake.

Kamar Katsina ce a zamanin ganuwa. A cikin gida, wanda duk ya wuce zaure ɗan gida ne. Amma mai shigowa gari ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga sai ya tsaya gaban sarkin ƙofa ya faɗi ko shi wane ne da wurin wanda ya zo. Yawancin sifikun nan ba a koya musu amsa wannan tambayar ba. Manhajarsu gurbi ɗaya ta tanada, na kalmar sirri, babu inda za ka rubuta suna. Kamfanonin da ke ƙera su falon gida suka hango, ba su ga dalilin ƙara wahala da kuɗi saboda ɗan hostal ba.

Wasu makarantun ba sa amfani da wancan tsari, sai su bar Wi-Fi ɗin a buɗe, amma da ka haɗu wani shafi ya faɗo maka a burauza yana neman lambar rajista da kalmar sirri. Nan ma dai labarin ɗaya ne. Sifika ba ta da fuska, ba ta da burauza, ba ta da yatsan da za ta danna "na amince". Za ta haɗu, fitila ta nuna kamar komai ya yi, amma a bakin ƙofa take tsaye.

To, a ce an yi dabara ta shiga. A nan ne abin ya fi ɗaure wa mutane kai, domin waya na ciki, sifika na ciki, amma har yanzu ba su ga juna ba.

Wayarka ba ta san adireshin sifikar ba, don haka shela take yi. Tana jefa wani ɗan saƙo da kowace na'ura a netwok ɗin za ta ji: akwai mai fitar da sauti a nan? Sifika ta amsa: ga ni, sunana kaza, adireshina kaza. Na'urorin Apple da Google suna wannan cigiya ne ta hanyar mDNS, wadda Apple ke kira Bonjour, a adireshin 224.0.0.251 ta ƙofa mai lamba 5353. Wasu kuma, ciki har da Sonos, sun daɗe suna amfani da SSDP, a adireshin 239.255.255.250 ta ƙofa 1900. Ba sai ka haddace lambobin ba, amma idan ka je wurin ma'aikacin ICT ka ambace su zai san ba tatsuniya ka zo da ita ba. Abin lura shi ne tun asali an tsara wannan shela ta tsaya a cikin gida ɗaya. Ba ta tsallake rawuta zuwa wani yanki.

Netwok ɗin gida yanki ɗaya ne, galibi mai ɗaukar adireshi 254, kuma da wuya na'urori su wuce ashirin. Na jami'a kuwa yanka shi ake yi unguwa-unguwa: na malamai daban, na ɗalibai daban, na ofishin bursa daban, wani lokaci ma kowane gini da nasa. Kana iya zama a kan katifa ɗaya da sifikarka, amma wayarka ta samu adireshi a wata unguwa, ita kuma a wata. Ka yi ta shela har muryarka ta dushe, katanga ce a tsakani.

Ko sun faɗo unguwa ɗaya, akwai wani saiti da kusan duk mai kula da Wi-Fi ɗin jama'a ke kunnawa, wanda ke hana na'ura magana da 'yar'uwarta. Kowa na iya fita intanet ya dawo, amma ba ya iya leƙa ɗakin maƙwabcinsa. Ɗan yayata da na yi masa wannan bayani cewa ya yi, "To Kawu, wannan ai mugunta ce." Sai na tambaye shi ko ya taɓa saka kalmar sirri kafin ya tura wa sifikar waƙa a gida. Ya ce a'a. Na ce to ƙanwarsa fa? Ita ma daga wayarta take turawa, babu wanda ya ba ta izini. Haka yawancinsu suke: duk wanda ke kan netwok ɗin, a wurinsu ɗan gida ne. Yanzu ka ɗauki wannan halin ka kai shi ginin da mutum ɗari uku ke kwana. Ƙarfe biyun dare kana barci, wani daga bene na sama ya ga sunan sifikarka a wayarsa, ya ƙure mata murya da waƙar gala. Ko kana sauraron tafsiri cikin azumi wani ya sauya maka da abin da ba ka so a ji daga ɗakinka. Wannan ma wasa ne idan aka kwatanta da wanda ya bar fayilolin kwamfutarsa a buɗe, ko na'urar buga takardu ta ofishin jarrabawa. Katangar da ta hana shi jin waƙa ita ce ta hana wani shiga laftof ɗinsa.

Akwai kuma dalilin da ido ba ya gani. A kan tasha ɗaya ta Wi-Fi, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda, sauran su saurara, kamar zaman fada. Saƙon da aka nufi mutum ɗaya da shi ana aika shi da iyakar saurin da na'urarsa za ta iya ɗauka. Amma shela, da yake ana son har na can nesa ya ji, da mafi ƙarancin sauri ake yin ta. Kenan ɗan ƙaramin saƙon cigiya yana cin lokacin da ya fi girmansa nesa ba kusa ba. A gida ba a ji. A ɗakin lacca mai ɗalibi ɗari biyar, kowace waya da kowace laftof na sanar da kanta tana cigiyar wasu, surutun kaɗai ya isa ya sa shafin rajistar kwasa-kwasai ya ƙi buɗewa. Mai kula da netwok da ya rufe bakin masu shela, iskar da kowa ke rabawa yake tattali.

Tsoron da injiniyoyi ke yi wa ƙananan na'urori ma ba daga sama ya faɗo ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana kama kyamarori da rawutoci waɗanda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Ta tara dubun-dubatarsu, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka kai hari kan kamfanin Dyn, wanda ke haɗa masu bincike da adireshin shafukan intanet, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga ɗimbin mutane a Amurka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta ya yi karatu a jami'ar Rutgers ta Amurka, kuma ya amsa laifin kai wa netwok ɗin makarantar tasa hari. Ba sifiku Mirai ta kama ba, amma darasin da masu kula da netwok suka ɗauka ya shafe su: na'urar da ba ta da fuska, ba ka san yaushe aka sabunta manhajarta ba, ba ka san wa ke da ita ba, ba a sakinta cikin jama'a haka nan. Balle wadda ke da makirufo a ciki tana jiran a kira sunanta.

Ɗalibi dai ba ya rasa dabara. Wadda aka fi yi ita ce a sayo ƙaramar rawuta a ɓoye ta a ɗaki, ta jawo daga na makaranta ta raba wa waya da sifika a matsayin ƙaramin gida. Sau da yawa tana aiki, ba zan ɓoye ba. Amma ni ban ba ɗan yayata wannan shawara ba. A zangon 2.4 GHz, wanda da yawa daga cikin na'urorin nan ke amfani da shi, tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Masu kafa Wi-Fi ɗin gini sukan rarraba su ne da lissafi, don na'urar wannan lungu kada ta danne ta wancan. Rawuta goma na ɓoye a bene ɗaya sun rushe lissafin, kowa ya koma zagin makaranta a kan netwok ba ya sauri. Idan kuma ta igiya aka jona aka kuskure rami, rawutar ɗalibi sai ta fara raba wa mutane adireshin ƙarya, bene guda ya rasa intanet, ma'aikata su yini suna bin ɗaki-ɗaki. Abin da ya fi damuna shi ne suna. Duk abin da ya bi ta wannan rawutar, da sunanka aka rubuta shi. Abokin abokinka ya karɓi kalmar sirri ya yi damfara ko ya zagi wani babba, kai za a kira gaban kwamiti. Mayar da laftof hosfot, wanda Windows ke bari har na'ura 8 su hau, bai kai wannan ɓarna ba, amma matsalar sunan tana nan, kuma da ka rufe laftof sauti ya mutu. Masu ara wa na'ura lambar shaidar wata na'urar don su yaudari shafin shiga kuwa, su sani wannan a dokar yawancin makarantu laifi ne kai tsaye.

Hanyar da ba ta da rigima ita ce ka fita daga harkar makaranta gaba ɗaya, ka ɗora waya da sifika a kan MiFi ɗinka. Sai dai ka yi lissafin data. Sauti mai ingancin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 58 a awa. Mai kilobit 320 yana cin 144. Wanda ke saurare awa uku kullum a kan mafi ingancin ya tasar wa gigabayit 13 a wata, a kan sauti kawai. Bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai jiran a turo masa na garin kwaki da sukari. Kuma abin da ka riga ka sauke a waya ba lallai ya cece ka ba, tunda a tsarin da yawa daga cikinsu ita sifikar sabo take jawowa.

Akwai 'yar kafa guda da ta cancanci ambato. Spotify, dandalin sauraron waƙa ta intanet wanda ya shigo Najeriya a 2021, yana da tsarin da idan sifika ta riga ta shiga da asusunka, umarni kan bi ta sabar kamfanin ne a intanet, ba ta cikin ɗaki ba. Wato katangar da ke tsakanin waya da sifika ba ta hana shi aiki. Amma sai sifikar ta samu shiga intanet tukuna, mun kuwa ga inda ta maƙale.

Maganin gaskiya yana hannun makaranta, kuma ba sabon abu ba ne. Jami'o'i da dama a Turai da Amurka sun buɗe wani Wi-Fi na daban don na'urorin da ba su da fuska. Kowace na'ura tana da lambar shaida ta haihuwa, adireshin MAC, haruffa da lambobi 12 da galibi ake bugawa a ƙasanta ko a kwali. Ɗalibi ya shiga shafin makaranta da sunansa, ya rubuta lambar, a ba shi kalmar sirrin da ta keɓanta da shi. Na'urar ta shiga, makaranta kuma ta san ta wane ne. Tsare-tsaren da suka ci gaba har sukan haɗa duk na'urorin mutum ɗaya a wani ɗan keɓantaccen ɗaki, wayarsa ta ga sifikarsa amma ta maƙwabci ba ta gan ta ba. Wani abin da kan rikita rajistar shi ne wayoyin zamani, tun daga Android 10 da iOS 14, sukan ɓoye lambarsu ta asali su nuna ta wucin gadi, don haka mai rajistar waya sai ya lura da wadda yake kwafa.

Shin ya kamata jami'o'inmu su sa wannan a gaba? In don waƙar ɗan hostal ce, ni ma da ni ne shugaban sashen da na ce a dakata. Wanda ke fama da kuɗin intanet na wata, da man janareta, da batiran sola, da na'urorin da zafin Afrilu da ƙurar hunturu ke kashewa, ba za ka ga laifinsa ba idan sifika ce ta ƙarshe a jerinsa. Amma maganar za ta shigo ta wata ƙofar ko ana so ko ba a so. Jihar nan yanzu tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam a cikin Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, ga ta Sufuri a Daura. Malamin da ke son haska darasi daga wayarsa zuwa babban allon ɗakin lacca, wannan shelar ce dai yake buƙata. Haka na'urar buga takardu mara igiya, haka 'yan na'urorin auna zafi da danshi da ɗaliban injiniya da na aikin gona ke haɗawa a aikin kammala karatu. Ranar da aka tashi warware wa farfesa matsalarsa, ta ɗalibi ma hanyarta ɗaya ce. Kuma makarantar da ba ta buɗe ƙofar halal ba, rawutocin ɓoye za ta yi ta kamawa.

Ga mai shirin saye kuwa, ra'ayina bai da kwana-kwana. A yanayinmu ta Bluetooth mai batir da ramin memori ta fi wadda ake kira mai wayo amfani. Yawancin na Wi-Fi sai da wutar bango, an ɗauke wuta sun yi shiru, an dawo da ita sai sun sake neman netwok. Mutanen ƙananan hukumomi 13 na jihar nan da aka rufe wa layukan sadarwa a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro sun san bambancin na'urar da ke riƙe da kayanta a cikinta da wadda sai ta roƙo daga waje. In kuma ran mutum ya biya sai ta Wi-Fi, ya duba kwali kafin ya biya: tana da Bluetooth a matsayin madadi? Tana da ramin jona igiyar sauti? Akwai masu tsada da ba su da ko ɗaya.

Ta ɗan yayata tana cikin waɗannan. Ya je sashen ICT kamar yadda na ce masa, da lambar MAC a rubuce a takarda. Wani ma'aikaci ya saurare shi da kyau, ya yi dariya, ya ce babu tsarin rajistar na'urori tukuna, kuma kada ya kuskura ya kawo rawuta. Ƙarshen mako ya maido ta gida, ya ratsa wurin 'yan waya ya sayi 'yar MP da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin waccan ba. Tsarabar Ingila yanzu tana kan firji a falon Yaya. Da safe karatun Alƙur'ani take sakawa, kuma kusan kullum sai ta kira ni tana ƙorafin cewa autarta daga cikin ɗaki take sauya mata shi da waƙar yara.